Jirin da yake kama ni a sujada, ashe daga cikin kunne ne

Akwai jirin da in ya kama mutum ba wai duhu-duhu zai gani ba ko ƙafa ta yi sanyi, a'a, ɗakin ne gaba ɗaya zai tashi ya dinga juyawa da kai, silin da bango da labule duk su bi gefe guda da gudu alhali kai kana kwance ko motsi ba ka yi. Irinsa na yi fama da shi a damunar bara, kuma tunda na samu lafiya kusan duk wanda na ba labari sai yace ai mamansa ma haka take, ko yayarsa, ko shi kansa, kuma duk hanya ɗaya ake bi wato kemis da ƙarin ruwa da maganin taifod. Shi yasa nace bari in zauna in rubuta yadda nawa ya tafi da abin da likita ya nuna min game da kunne, ko Allah zai sa wani ya amfana.

Ni ɗinki nake yi a gida, shekaruna arba'in da ɗoriya, ba ni da hawan jini ba ni da suga. Ranar da abin ya fara da asuba ne, na juya ɓarin dama zan tashi kawai naji gadon ya kife da ni, na riƙe katifa da hannu biyu ina salati da ƙarfi har Abban yara ya farka a firgice yana tambayar lafiya. Kafin ya kunna fitila abin ya lafa, bai kai minti ɗaya ba, sai tashin zuciya da gumi da ya rage. Na zauna bakin gado na huta na tashi na yi alwala lafiya lau, na tada sallah, ruku'u na ɗan ji alama, ina kai goshina ƙasa a sujada ya dawo sabo fil, sai da na faɗi gefe. Daga ranar haka muka ci gaba. In ina zaune a kan keke ina ɗinki ba komai, in ina tafiya a tsakar gida ba komai sai ɗan rashin ƙarfin gwiwa, amma in na sunkuya zan ɗau almakashi a ƙasa, ko na ɗaga kai zan sauko da yadi daga saman kanta, ko na kwanta, ko na juya dama cikin barci, shikenan duniya ta juye. Kullum gajere ne, kullum kuma sai na motsa kai ta wata fuska yake zuwa.

Abin da yafi damuna wallahi sallah ce. Mutum ya wayi gari yana tsoron sujada, wannan ba ƙaramin abu bane a zuciya. Na tambayi malamarmu ta Islamiyya tace in yi a zaune in dinga nuni da kai gwargwadon iko, addini ya bada wannan sauƙin ga mara lafiya, haka na koma yi a kan kujera, amma duk da haka raina ba daɗi.

Farko maƙwabciyata ma'aikaciyar jinya ce ta zo da abin awo ta gwada jinina tace daidai yake. Aka je kemis, aka ɗebi jini, aka ce akwai maleriya kaɗan da taifod, na shanye magungunan tas ba abin da ya canza. Aka ce ƙila jinina ne yayi ƙasa, aka auna shi ma lafiya, duk da haka aka ɗaura min ruwa leda biyu don wai in samu ƙarfi. Aka ban wani maganin jiri wai shi Stugeron, shi kam yana rage tashin zuciyar amma barci yake sa ni wuni guda kaina yayi nauyi, in na juya dama kuma jirin yana nan inda yake. Hajiya surukata tace bata yarda ba iska bace, tunda abu ne mai zuwa farat ɗaya ya tafi kuma yafi zuwa da dare, ta aiko da hayaƙi da man habbatussauda, muka yi ruƙiyya, addu'a kam ba ta faɗuwa ƙasa banza kuma na ji sanyi a raina, sai dai jirin bai tafi ba. Ni kuma abin da nake ɓoyewa a zuciya ban faɗa wa kowa ba shine tsoron ko wani abu ne ya fito min a ƙwaƙwalwa, ko shanyewar ɓarin jiki ce take tahowa, don da jiri ta fara wa wata gwaggona.

Wani likita ne a ƙaramin asibitin unguwa, Allah ya saka masa da alheri, ya tsaya ya saurare ni sosai yace Hajiya wannan bayanin naki na kunne ne, ya rubuta min takarda zuwa sashen kunne da hanci da maƙogwaro a babban asibiti. Nace likita kunnena fa ba ya ciwo, ba ya ruwa, ina ji ras. Yace ki dai je.

Mun fita da sassafe ni da babbar ƴata, aka yanki kati aka buɗe fayil muka bi layi, sai wajen azahar muka shiga. Likitan ba tsoho bane sosai, kuma abin da na fara lura da shi shine bai yi saurin ɗaukar biro ba, tambayoyi ya dinga jero min. Hajiya in ya zo ɗakin ne yake juyawa ko ke ce kike jin kamar zaki suma? Yana kai minti nawa? Me kike yi yake tasowa? Wane ɓari kike juyawa? Jinki ya ragu? Kina jin ƙara ko shuuu a kunne? Kina ganin abu biyu-biyu, harshe yana nauyi, hannu ko ƙafa na mutuwa, akwai ciwon kai mai tsanani? Kin taɓa buguwa a kai? An miki wata allura kwanan nan? Daga baya na gane waɗannan tambayoyin su ne rabin aikin, don kusan duk abin da ya gano daga amsoshina ya fara gano shi.

Sai ya haska kunnuwan da ƴar fitilarsu yace dodon kunne lafiya, ya buga wani ƙarfe mai baki biyu ya ɗora min a goshi da bayan kunne yana tambayar inda nafi ji. Aka gwada jinina ina kwance aka sake ina tsaye. Yace in bi yatsansa da ido ba tare da na juya kai ba, in taɓa hancina in taɓa yatsansa, in yi tafiya a kan layin tayil ƙafa gaban ƙafa, in tsaya in haɗe ƙafafu in rufe ido shi yana tsaye kusa da ni ko zan yi tangaɗi. Duk na yi. Yace to alhamdulillah ɓangaren ƙwaƙwalwa ban ga abin tsoro ba, saura gwaji ɗaya, kuma zan faɗa miki gaskiya zai taso miki da jirin da gangan, ki yi haƙuri ki daure kar ki rufe ido ko yaya kika ji, idonki nake so in gani.

Aka zaunar da ni a kan gadon gwaji na miƙe ƙafafu, na gyara hijabi ƴata ta riƙe min hannu, nas tana gefe da roba ko zan yi amai. Ya riƙe kaina da hannu biyu ya karkata shi hagu rabin juyi, wato digiri 45, sannan ya kwantar da ni da baya da ɗan sauri har kaina ya ɗan sauka ƙasa da bakin gadon. Shiru. Muka jira ba komai. Ya tada ni na huta, ya karkata kan dama ya sake kwantarwa. Daƙiƙa biyu uku na farko ba komai har na fara cewa a raina yau ba zai zo ba, sai kawai ya taso, fankar silin da fuskar likitan da komai suka ɗau gudu, na ƙanƙame hannun yarinyar nan ina Innalillahi, shi kuma yana cewa buɗe ido Hajiya, kalli hancina, yanzu zai wuce, ga shi nan yana raguwa. Kuma ya ragu ɗin, kamar yadda ya saba. Ƴata tace Mama wallahi idonki rawa yake yi shi kaɗai, yana fizga sama yana murɗawa. Likitan yace abin da yake nema kenan, kunnen dama ne, bututun baya, kuma wannan ana gyara shi yau ɗin nan a kan gadon nan ba allura ba tiyata.

Kafin ya fara gyaran sai da ya ɗauko wani kunnen roba babba da ake buɗewa ya nuna mana, don yace in na gane abin da zai yi zan fi ba shi haɗin kai. Ni a sanina kunne daga fatar waje sai rami sai dodon kunne shikenan. Ashe bayan dodon akwai wani ɗan ɗaki mai ƙananan ƙasusuwa uku, bayansa kuma can cikin ƙashin kai akwai kunnen ciki, shi kuma kashi biyu ne. Ɗaya a naɗe yake irin katantanwa, shine na ji. Ɗayan ba ruwansa da ji kwata-kwata, aikinsa kawai ya dinga faɗa wa ƙwaƙwalwa inda kai yake da inda ya nufa, dare da rana, ko kana barci. Shi yasa mutum zai iya yin ciwon wannan ɓangaren jinsa kuma garau, irin nawa.

Wannan ɓangaren na daidaito yana da bututu uku ƙanana masu lanƙwasa, kowanne ya kusa zagayowa ya haɗe, kuma kowanne fuskar da ya kalla daban, ɗaya a kwance biyu a tsaye, na gaba da na baya. Saboda haka ko girgiza kai kayi na a'a, ko gyaɗawa na eh, ko ka kwantar da kai kan kafaɗa, akwai wanda zai ɗauka. A cikinsu ruwa ne cike. Yace in tuna in na murɗa kofin shayi da sauri, kofin ya juya amma shayin sai ya ɗan tsaya a baya kafin ya biyo, to haka ruwan nan yake yi in kai ya juya. A gindin kowane bututu akwai wani ɗan kumburi, cikinsa wani abu mai danƙo ya tare hanya, a ƙarƙashinsa kuma ƙwayoyin halitta ne masu siraran gashi a kai. Ruwan in ya tsaya a baya sai ya tura abin mai danƙo, gashin ya lanƙwashe, saƙo ya bi jijiya ya tafi ƙwaƙwalwa cewa kai ya juya ta nan da sauri kaza. Kuma kunnuwan biyu tare suke aiki, in ka juya dama na dama zai ƙara yawan saƙonsa na hagu ya rage, ƙwaƙwalwa bambancin take karantawa. Nan take na tuna yara in suna wasan hajijiya, su yi ta juyi su tsaya cak sannan su zube, nace likita to su kuma fa, yace ai sun tsaya ne amma ruwan bai tsaya ba, yana ci gaba da tafiya na ɗan lokaci, kunne yana cewa ana juyi ƙafa tana cewa an tsaya.

Bayan bututun uku akwai wasu ƴan jakunkuna biyu a jikinsu, su ba juyi suke aunawa ba, su ne suke sanin ina ne sama ina ne ƙasa, da in mota ta ɗauka da gudu ko ta ja birki, da in lifta ta tashi da kai. A cikinsu ma gashin nan ne, sai dai an shimfiɗa masa wani abu mai yauƙi a kai, a saman shimfiɗar kuma wasu ƙananan duwatsu ne birjik waɗanda ido ba ya gani sai da madubin bincike, sinadarinsu ɗaya da na ɓawon ƙwai da farar ƙasa. Nauyinsu ne amfaninsu, in ka karkata kai sai su ja shimfiɗar gashin ya lanƙwashe. Subhanallah, ni dai na daɗe ina kallon robar nan, wai duk wannan yana cikin wurin da bai fi kan ɗan yatsa ba a kowane gefe na kaina, shekara arba'in da wani abu yana min aiki ban taɓa sanin da shi ba.

To matsalata ita ce wasu daga cikin duwatsun nan sun ɓalle daga shimfiɗarsu sun faɗa cikin bututun baya na dama, inda ba wurinsu bane. Bututun baya shi yafi kamuwa don shi ne bakinsa yake a ƙasa in mutum ya kwanta. In ina zaune tsaf suna kwance a ƙasan bututun ba su dame ni ba, in na kwanta ko na yi sujada ko na ɗaga kai sai su gangara, su ja ruwan tare da su, kunnen dama ya aika saƙo cewa ana juyi mai ƙarfi, na hagu da idanu da jiki duk suna cewa ba a motsi. Wannan saɓanin shine jirin, shine kuma tashin zuciyar. Ɗan jinkirin da nake ji kafin ya taso lokacin da suke ɗauka ne kafin su fara gangarawa, lafawar da yake yi kafin minti guda kuma sun kai ƙasa ne sun zauna. Wallahi da ya faɗi haka sai naji kamar an sauke min kaya, don duk abin da nake ji wanda na kasa yi wa mutanen gida bayani ga shi an jera min shi dalla-dalla da dalilinsa. Na tambaya me ya ɓalle su, yace wani lokacin buguwa a kai, wani lokacin doguwar jinya a kwance ko wani ciwon kunnen da ya gabata, amma mafi yawa ba a gane dalili, yana dai ƙaruwa da shekaru kuma yafi yawa a mata. A kati ya rubuta BPPV, wato gajeren sunan wannan ciwon da Turanci.

Rawar idon ma yayi mana bayani, kuma wannan kowa zai iya gwadawa yanzu. Yace in ɗaga katina in kalli rubutun in dinga girgiza kai hagu da dama, na yi, rubutun yana nan ina karantawa. Yace to tsayar da kai ki girgiza katin da irin wannan saurin, na yi, rubutun ya dagule. Dalili shine akwai hanya ta kai tsaye daga kunnen ciki zuwa naman da ke juya ido, kai na juyawa dama ido zai koma hagu daidai gwargwado, cikin saurin da ya wuce tunani, shi yasa kana tafiya kana ganin hanya tsaf ba ta rawa. To in kunne ya yi ƙaryar ana juyi, ido ma sai ya bi umarnin ya fara gyara juyin da babu shi, ita ce fizgar da ƴata ta gani, kuma ta fuskar da idon ya fizga likita yake gane wane bututu ne a wane kunne.

Sai aka zo gyaran. Ya sake zaunar da ni, kai a karkace dama, ya kwantar da ni kamar ɗazu, jirin ya zo amma bai kai na farko ba, muka jira ya wuce ya ƙara kamar rabin minti a kai. Sannan a hankali ya juya kaina zuwa hagu ba tare da ya ɗaga shi ba, har ya zama ina kallon hagu rabin juyi, muka sake jira, nan naji wani ɗan juyi kaɗan. Yace yanzu ki juyo da jikinki gaba ɗaya ki kwanta a kafaɗar hagu, nas ta taimaka min, shi yana riƙe da kan yana binsa har hancina ya koma kallon ƙasa, ina ganin takalmansa da tayil. Nan jirin ya sake bugowa da ƙarfi na ce likita zan faɗo, yace ba zaki faɗo ba muna riƙe da ke, wannan alama ce mai kyau suna tafiya ne. Da ya lafa aka sauko da ƙafafuna ta gefen gadon aka tada ni zaune haɓata a ɗan sunkuye, nas ta dafa kafaɗuna don wasu a nan suke ji kamar an fizge su. Duk abin bai fi minti biyar ba. Abin da yayi kawai shine ya bi da duwatsun cikin lanƙwasar bututun mataki-mataki da nauyinsu har suka fito ta ɗaya bakin suka koma jakarsu, inda ba za su dami kowa ba.

Na zauna a benci na huta na sha ruwa, zuciyata tana tashi amma ban yi amai ba. Ya sake kira na ya maimaita gwajin farko ta dama, na kwanta ina jira ina ƙanƙame da hannun yarinya, muka jira, muka jira, ba abin da ya juya. Kuka ne kawai ya zo min.

Magani bai rubuta min ko ɗaya ba, sai ma cewa yayi in ajiye Stugeron ɗin, don irin waɗannan suna danne tashin zuciya ne na ɗan lokaci ba sa mayar da dutse wurinsa, kuma in aka daɗe ana sha suna hana ƙwaƙwalwa sabawa ta gyara kanta, ga tsofaffi kuma suna jawo faɗuwa. Yace kar in tafi gida ni kaɗai, daren farko in ɗan ƙara filo in na fi jin daɗin haka, amma kar in ɗaure wuyana in daina motsi saboda tsoro, motsin ma magani ne. Ya gargaɗe ni zan iya jin kaina fayau ko kamar ina taka katifa na wasu kwanaki, kuma haka aka yi, ba juyi bane, wani rashin tabbas ne kawai a ƙafa musamman da magariba in haske ya ragu, a hankali ya tafi. Sujada kam washegari da la'asar na gwada, na sauka a hankali gabana yana faɗuwa, goshina ya taɓa darduma na tsaya ina sauraro, lafiya lau.

A gida ƴata ta bincika sunayen da ya rubuta a katin. Gwajin kwantarwar nan sunansa Dix-Hallpike, wasu likitoci biyu ne a Landan, mace da namiji, Margaret Dix da Charles Hallpike, suka bayyana shi tun 1952. Juyin gyaran kuma na wani likitan kunne ne ɗan Amurka John Epley, wanda ya wallafa shi a 1992 bayan ya sha fama da abokan aikinsa da suka ƙi yarda wai juya kai kawai zai warkar da jiri. Abin da ya tsaya min a rai kenan, gwajin ya haura shekara saba'in, gyaran ya haura talatin, ba ya buƙatar wuta ba ya buƙatar na'ura, gado ne kawai da hannu biyu da wanda ya sani, amma mu a nan mace zata yi wata da watanni tana shan maganin taifod ana ɗaura mata ruwa tana sallah a zaune. Inda ma'aikatan ƙananan asibitocinmu duk an koya musu wannan da an rage wa mutane wahala da asarar kuɗi mai yawa.

Da na koma ganin likita aka sake gwadawa ba komai, na samu damar yi masa tambayar da mutane suke ta aiko ni da ita, wai ko su ma su yi juyin a gida tunda akwai bidiyonsa a waya. Yace a'a sai an fara tabbatar da cewa shine, kuma an san wane kunne ne da wane bututu, don in bututun nan da yake a kwance ne juyinsa daban, kuma mai ciwon wuya ko ƙashin baya ko matsalar jijiyoyin jinin wuya ba a kwantar da shi haka kai tsaye. Kuma ba kowane jiri ne wannan ba. Wanda in ya miƙe tsaye yake ganin duhu, wannan yawanci jini ne yake sauka ko ƙarancin jini ko rashin ruwa a jiki, ko maganin hawan jini yayi masa yawa. Wanda jirinsa yake ɗaukar minti ashirin zuwa awanni, da ƙara a kunne da toshewa da raguwar ji, akwai wata cuta ta kunnen ciki da ake kira Meniere, ita kulawarta daban har da rage gishiri. Wanda kuma ya wuni ya kwana yana juyawa ba tsayawa kwana da kwanaki yana amai, zai iya zama kumburin jijiyar daidaiton ne, amma kuma zai iya zama daga ƙwaƙwalwa, likita ne kawai zai raba. Ya ja kunnena sosai a kan wannan, yace duk jirin da ya zo da ganin abu biyu, ko karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko mutum ya kasa tsayuwa sam, ko ciwon kai irin wanda bai taɓa yi ba, ko ji ya ɗauke farat ɗaya, ba a kwana da shi a gida, a tafi gaggawa a lokacin, balle mai hawan jini ko suga.

Tambayar allura da yayi min ranar farko ma na nemi dalili. Yace allurar janta, wato gentamicin, da streptomycin, in aka yi su ba bisa ƙa'ida ba suna iya kashe ƙwayoyin gashin nan na kunnen ciki, kuma su in sun mutu ba sa dawowa. Wanda abin ya sama ba lallai yaji juyi ba, sai dai in yana tafiya ya ga hanya tana tsalle a idonsa, cikin duhu kuma ya kasa tafiya sai da dafa bango. Na san yadda ake yin jantar nan a unguwanni, zazzaɓi kaɗan ko ciwon mara a ce a yi ta kwana biyar ba awon ƙoda ba komai, dan Allah a dinga bari likita ne zai rubuta.

Ya faɗa min abin yana iya dawowa, mutane da yawa yana dawo musu bayan watanni ko shekaru, kuma nawa ya ɗan leƙo da sanyin hunturu, da dare na juya dama naji ɗakin ya motsa. Wannan karon da safe na shirya muka tafi, ba mu ma kai ga likitan ba, a sashen gashin ƙashi wata ma'aikaciya ta yi gwajin ta ga idon, kunnen dama ne dai, ta yi min juyin sau biyu na dawo gida na ƙarasa ɗinkin da ke gabana. Yanzu Hajiya surukata ce da kanta take turo min mata in yi musu kwatancen sashen da za su je, cikin waɗanda suka je biyu irin nawa ne aka gyara musu, ɗaya kuma aka ce nata ba kunne bane, maganin hawan jininta aka canza mata.